Maigida, kafin ka hana ta zuwa taron iyaye mata

Mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata magana ce da ta taso a shirin da nake gabatarwa a rediyo, inda masu saurare ke bugo waya su faɗi albarkacin bakinsu. Wani bawan Allah ne ya kira daga wani ƙauye na gundumar Buza, daga jin muryarsa ka san ransa a ɓace yake. Ya ce: "Malam, don Allah ka faɗa wa masu furoje su sakar mana mata. Litinin awo, Laraba taron kunun yara, Asabar asusu. Na taso daga garka da azahar, ko fura ban iske ba, wai ta tafi a koya mata renon ɗa. Uwata ta reni goma, taron wa ta je?"

Kafin ya ajiye waya layi ya cika. Maza daga Bangi, daga Tama, daga Garhanga, kusan duk bakinsu ɗaya. Ana gab da rufe shiri sai wata baiwar Allah ta kira daga wajen Madawa, ta ce wayar aro ce a hannunta, kada in tambayi sunanta. Abin da ta faɗa bai fi jimla biyu ba: "Malam, ka tambaye shi, goman nan da uwarsa ta rena, nawa suka rayu? Ni uku na haifa, ɗaya na rufe, ba na son in rufe na biyu." Daga nan kuɗin wayar suka ƙare.

Tun ranar maganar nan take yi mini yawo a zuciya. Ni ma magidanci ne, ina da mata da 'ya'ya, kuma ni ma na taɓa yin irin wannan ƙorafi, kamar yadda zan faɗa nan gaba. Ra'ayina a taƙaice shi ne: lokacin da uwa ta yi a wurin da ake koyon kiwon lafiyar yaro, lokacin ɗanka ne, kai maigida. Idan ka hana ta zuwa, to wajibi ya koma kanka ka je ka koyo ka zo ka koya mata. Idan kuwa ba za ka je ba, ka ƙyale ta ta je, ku shirya yadda aikin gida ba zai tsaya ba.

Da farko bari mu duba, me ake yi a wurin nan da ya tsone wa maza ido? Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa leƙawa ba, daga nesa muke hango mata zaune ƙarƙashin bedi mu yanke hukuncin cewa hira ce. Aikina ya sa na zauna a irin waɗannan tarurruka da na'urar ɗaukar murya. A nan ne ake gaya wa mai jego ta sa jariri a nono tun cikin sa'ar farko, kada ta zubar da dakashi, domin shi ne rigakafin farko da yaro ke samu. A nan ake gaya mata nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba bauri. A nan take koyon yadda ake inganta kunun hatsi da garin ƙuli-ƙuli ko wake ko zogale, abubuwan da ke cikin rumbunmu da garkarmu. A nan take koyon haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta idan yaro na zawo, da ƙwayar zinki da ake ba shi kwana 10 zuwa 14. A nan kuma ake nuna mata zaren awon damtse mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, a garzaya likita ko da dare ne.

Zaren nan ba abin wasa ba ne. A Mirya, cikin jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun gwada danƙa shi a hannun iyaye mata, aka ga uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya gane tamowa kamar yadda ma'aikacin sa kai ke ganewa, kuma tana kai yaro da wuri tun abin bai yi nisa ba. Daga nan ne dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Haka kuma maganin rigakafin zazzaɓin damina da aka fara rabawa a Nijar a shekarar 2013, wanda Madawa da Buza ke cikin wuraren farko da suka same shi: ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata a lokacin damina. Mai rabo yakan ba da na ranar farko, amma na kwana biyun da ke biye uwa ce ke bayarwa a gida. Idan ba ta fahimci dalili ba, sai ta ajiye ragowar a ƙwarya har sai yaro ya kwanta, alhali ba don haka aka yi shi ba.

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 2005 a wannan yanki ba ya bukatar a ba shi labari. Mun ga abin da fari da fara suka bari, mun ga layin mata da goyo a ƙofar asibiti. Bayan wannan ne ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi shekaru tana aiki a ɓangaren yara na Madawa da Buza, kuma a 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2006 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 198 ba sa kai shekara 5. Na 2012 ya nuna adadin ya sauko zuwa 127. Likitoci sun yi nasu, gidan sauro da allurar rigakafi sun yi nasu, amma wa ya goyi yaron ya taka da ƙafa zuwa likita? Wa ya tsaya a layin allura? Wa ya ɗaura gidan sauron kowane dare? Matan nan ne da muke cewa sun cika yawo. Kuma har a wancan binciken na 2012, jariran da ke shan nono zalla ba su wuce kashi 23 cikin 100 ba, wato da sauran aiki.

To amma adalci shi ne a saurari maigida, domin ba duk maganarsa ce shirme ba. Mutumin da ya fita tun asuba yana ban-ruwan albasa a fadama, ya dawo rana tsaka ya iske murhu da sanyi, yana da hakkin ya yi magana. Gaskiya ne wasu masu shirya tarurrukan nan ba sa duba lokaci. Sai su kira mata ƙarfe tara na safe, su kuma su iso da motarsu ƙarfe goma sha biyu, mata na zaune da yara cikin rana, daka da ɗibar ruwa na jiransu a gida. Sai su sa taro ranar kasuwa, ko tsakiyar noman farko, ko lokacin cirar albasa. Wani lokaci ƙungiyoyi uku ke aiki a gari guda, kowace da ranarta, kowace da takardarta, darasin kuwa ɗaya ne. Gaskiya ne kuma akwai matan da taron sa'a guda kan zame musu yini, daga can su zarce gidan suna, daga gidan suna su biya gaisuwa. Akwai wadda ke zuwa don a raba sabulu ko biskit ɗin tamowa kawai, ranar da ba rabo ba za ka gan ta ba. Ba kuma kowace magana da mace ta ji a bakin 'yar uwarta ce gaskiya ba. A gefen taron ne wata ke raɗa wa wata cewa zawon haƙori ne ba ya son magani, ko a kai yaro a cire masa beli. Duk wannan na yarda da shi. Sai dai maganinsa gyara ne, kuma gyaran ba ya yiwuwa idan maza sun juya baya.

Akwai kuma wani dalili da ba mu cika faɗa a rediyo ba, wanda ni na san shi a gidana. Lokacin da aka haifa mana ɗanmu na biyu, yana wata huɗu aka shiga zafin Afrilu. Mahaifiyata ta ce a ba yaro ruwa, ƙishirwa za ta kashe shi. Maiɗakina ta ce a wurin awo an hana, nono ya ishe shi. Ran tsohuwa ya ɓaci, ta ce yaran zamani sun fi ƙarfinta. Ni kuwa, da nake karanta sanarwar shayarwa a rediyo da bakina, sai na goyi bayan mahaifiyata, har na ce wa maiɗakina zuwa awon nan ya isa haka tunda ya fara koya mata musu da manya. Ba ta ce mini komai ba, sai washegari ta ce: "Baban yara, tunda ka ce kada in je, ga katin, kai ka kai shi."

Kunya ta sa na ɗauke su a babur muka je tare. Ni kaɗai ne namiji a rumfar. Malamar da ke awo ta yi mini bayani cikin natsuwa, cewa mafi yawan nonon uwa ruwa ne, cewa ruwan randa yana cika ƙaramin cikin jariri ya rage masa shan nono, kuma ta nan zawo ke shiga. Uwa ce za ta yawaita shan ruwa ta yawaita ba shi nono. Da muka koma gida ni na je na durƙusa gaban mahaifiyata na yi mata bayani, kuma da yake daga bakin ɗanta ta ji, ta haƙura. Ranar na gane cewa abin da ya ci mini rai tun farko shi ne matata ta san wani abu da ya saɓa wa maganar gidanmu, kuma ta tsaya a kai. Ina kyautata zaton maza da yawa da ke cewa "tuwo ya makara", wannan ne ainihin ciwonsu. Sannan na gane cewa mun bar matanmu su kaɗai suna kokawa da surukansu a kan abin da mu ya kamata mu shiga tsakani.

Yanzu mu zo ga lissafin lokaci, tunda shi ne hujjar. 'Yan uwana maza, mu ji tsoron Allah mu ƙirga namu. Sa'a nawa muke yi a fada kowane dare? Shayi na farko, na biyu, na uku, ga labarin siyasa, ga ƙwallon Turai, idan lokacin kokowar takobi ne kuwa sai a kwana ana musun wa zai ka da wa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ɓata lokaci, mun ce zumunci ne, a nan ake jin farashin buhun albasa, a nan ake jin wace hanya ce ta fi lafiya zuwa Agadas. To haka ne, kuma ban ce a fasa fada ba. Amma idan namiji na bukatar zama da 'yan uwansa don ya san halin kasuwa, don me mace ba za ta bukaci zama da 'yan uwanta don ta san halin yaro ba? Sa'a biyu ce a mako, mu kuwa tamu sa'a uku ce kowane dare.

Abu na gaba ya shafe mu musamman mu mutanen Adar da kewaye. Kowa ya san jihar Tawa ita ce uwar tafiya cin rani. Da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanya, wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Wata shida, wata takwas, wani sai ya shekara biyu. Wa ke riƙe da gida? Idan yaro ya fara suma da tsakar dare a Ibohaman ko Karofan, maigida na Tiripoli, wa zai gane cewa wannan ba iska ba ce, zazzaɓi ne ya hau kai? Na ji labarin mazan da daga can ƙasar waje suke bugo waya su kafa dokar kada mace ta fita ko'ina sai sun dawo. Ka tafi ka bar mata kiwon rayuka huɗu ko biyar, sannan ka rufe mata ƙofar da za ta koyi yadda ake kiwon, wannan wace irin amana ce?

Mutanen Keita sun fi kowa sanin amsar. Furoje Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya farfaɗo da tsaunuka da fakon da suka mutu bayan fari, mata ne suka yi mafi yawan aikinsa, domin maza sun tafi nema. Su suka ɗauki duwatsu a ka, su suka haƙa ramukan dashe, ana biyansu da abinci. Itatuwan da muke gani a yau a kan tudun Keita da Tamaske shaida ne. A wancan lokaci ba wanda ya ce sun cika fita. Haka ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991, har dabarar ta ƙetare zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Maza nawa ne aka fitar kunya da bashin asusun nan ranar suna, ko ranar da aka ce a kai yaro babban asibiti ba ko dala a aljihu? Ba daidai ba ne mu so kuɗin taro mu ƙi taron.

Wani zai ce addini ya ba shi ikon hana matarsa fita. Ni ba malami ba ne, kuma ban ce mace ta fita ba da izinin mijinta ba. Amma duk wanda aka ba iko za a tambaye shi yadda ya yi da shi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta yi maganar shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa, ta kuma yi maganar shawara tsakanin iyaye biyu wajen yaye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta nan ƙasarmu a 1754, ya yi kakkausan suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke tasowa daga ƙauyuka su je su ɗauko karatu su komo su karantar da mata 'yan uwansu. Ke nan taruwar mata don neman sani ba Bature ne ya kawo mana ita ba, mun gaje ta.

Hanyar gyara ma ba sai mun je nesa ba. A 2008 aka buɗe Makarantun Mazaje na farko a jihar Damagaram da tallafin Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, bayan an lura cewa rashin yardar miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita. Magidanta kimanin goma sha biyu ne ke zama sau biyu a wata, su tattauna matsalar lafiyar iyali a garinsu, su nemo mafita, su je su yi wa sauran maza magana a fada da ƙofar masallaci. Daga cikin sharuɗɗan shiga akwai cewa mutum ya kasance yana barin matarsa ta je likita, ta kuma shiga ƙungiyoyin mata. Tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi har da maƙwabtan ƙasashe. Ba ma sai an jira furoje ba: kowace fada tana iya ware dare ɗaya a wata ta gayyato ma'aikacin lafiya na gari ya sha shayi da su, a yi masa tambayoyi.

Saboda haka ga kirana. Kai maigida, ka tambayi matarka ranar taro da lokacinsa, ku tsara tun da dare. Idan fura za a dama da wuri a dama, idan ruwa ne ka sa amalanke ya ɗebo, idan ba mai riƙe babban yaro ka tafi da shi garka. Idan ta dawo ka tambaye ta me aka koya, ka sa ta nuna maka zaren awo ka gwada da hannunka. Ko sau ɗaya ka raka ta ka ga wurin da idonka. Idan maganar likita ta ci karo da ta mahaifiyarka, kai ne za ka je ka yi bayani cikin ladabi, kada ka bar surukai su yi ta.

Ke kuma uwargida, ki nemi izini, ki faɗi gaskiyar inda za ki, idan an tashi ki kamo hanyar gida. Abin da kika ji a bakin ma'aikaciyar lafiya daban, abin da kika ji a bakin maƙwabciya daban. Idan kin yi shakka ki koma ki tambaya. Biskit ɗin tamowa magani ne na yaron da aka rubuta wa, kada ya je kasuwa, kada a raba wa 'yan uwansa. Kowace mace da ta mai da taro hanyar yawo, tana rufe wa mata goma ƙofa.

Ku kuma masu ƙungiyoyi da ma'aikatan lafiya, ku girmama lokacin matan karkara, ya fi naku tsada. Ku haɗa darussanku a rana guda, ku zo a kan lokaci, ku kauce wa ranar kasuwa da ganiyar aikin gona, ku sanar da maigari da liman tun kafin ranar don maza su ji daga bakin da suka yarda da shi. Iyayenmu sarakuna da malamai, kalma ɗaya daga gare ku bayan sallar Juma'a ta fi shirin rediyo goma.

Ga ɗan uwana na Buza da ya bugo waya, ina gaishe ka, kuma na isar da saƙonka ga masu furoje kamar yadda ka nema. Saura tambayar da baiwar Allah ta Madawa ta ce in yi maka, ga ta nan na rubuta a sama. Layinmu a buɗe yake, muna jiran amsarka. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.